Markar da Aka Ware Mini Kwano

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Talata, mu uku ne a ɗakin Hajo, a gidan da muke haya a Batsari tun da zaman ƙauye ya gagara: ni, da mai ɗakina Abu, da ita Hajo, matar marigayi wana Mati. Ruwa ake yi tun safe, irin na marka, babu tsawa babu iska, sai zuba. Hajo ta ji sanyi a gwiwa, ta ɗauko tsohon zane za ta cusa a taga. Na ce ta bari.

"Rabe, babu mai tari a ɗakin nan," ta ce.

"Na sani. Ki dai bari."

Ta dube ni, ta yafa zanen a kafaɗa, ta ja tabarmarta nesa da feshin. Abu ta ci gaba da tsinke zogale. Dukanmu mun san markar da ta faɗo mini a rai. Ita ce ta shekarar da na yi tarin jini na warke, wana da ya yi jinyata ya ɗauka bai tashi ba. Shekara talatin da wani abu ke nan. Zan faɗe ta a jere, yadda ta zo.

Ƙauyenmu yana kusa da Wagini. Mahaifinmu ya riga ya rasu, gandu ya koma hannun Mati. A gidan akwai Inna, da Mati da Hajo da 'ya'yansu biyu ƙanana, sai ni. Abu ta tafi gidansu a Runka goyon ciki, don cikin fari ne. Hauya biyu ke ciyar da gidan nan, tawa da ta Mati. Daminar da ta gabata kuwa ruwa ya ɗauke, gero na cikin fure, saboda haka tun bazara muka fara jin ƙasan rumbu idan an shiga ɗiba.

Tarin ya fara ne da bazara, muna sharar gona da kai taki a mangala. Zafin shekarar, ko jaki sai ya tsaya ya ƙi tafiya in rana ta take. Na ɗauka hayaƙin ƙona kara ne. Sai zazzaɓi ya riƙa zuwa kullum bayan la'asar, in kwana ina gumi, da safe in tashi kamar ba ni ba. Tazugen wandona ya yi ta ƙara tsawo. Ruwan shuka ya sauka, muka fita: Mati na gaba yana sara da sungumi, ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige. A da nakan cim masa har in yi masa tsiya. A wannan shukar sai ya kai ƙarshen gona ya tsaya jirana.

Ranar da jini ya fara fitowa muna noman fari. Na yi tari na tofar, sai ga shi ja wur, da kumfa, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mati na kusa.

"Mi ke nan?"

"Goro ne, Yaya."

"Goro? Kai da ko na ɗaurin aure sai ka kawo wa Inna? Aje hauyar nan."

Daga ranar ban sake riƙe hauya ba a daminar.

Bayani huɗu aka yi a kan ciwon, kuma kowanne an yi masa maganinsa. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, na kwana a waje da bazara raɓa ta dake ni. Aka dafa citta da kanumfari da masoro, ana zuba zuma. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce kaya na ɗaga wata jijiya ta tsage a ƙirji. Aka yi mini ƙaho a baya. Matan unguwa suka ce gashin mage na haɗiye a cikin fura, sai aka kori magen gidan, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wanzami kuma ya leƙa bakina ya ce beli ne ya yi tsawo yana sosa maƙogwaro, ya yanke shi. Na yi kwanaki ko ruwa ba na iya haɗiyewa, jini kuma ya zama biyu, na sama da na ƙasa. A gidanmu ba a jefar da bayani don wani sabo ya zo. Tara su ake yi.

Sannan kawunmu ya zo dubiya daga Babban Duhu. Ya zauna ya saurari tarin, ya kira Inna da Mati gefe, amma ina ji. Ya ce wannan tarin fuka ne, ya taɓa ganinsa, kuma ana ɗauka. A ware mini kwano da ludayi da moɗa da buta, kada kowa ya ci saurana.

Tun muna yara ni da Mati akushi ɗaya muke sa hannu. Ko da ya yi aure, a zaure muke ci tare, shi ya gutsura ta gabansa ni ta gabana. A garinmu kuwa ba a ware wa mutum kwano sai kuturu, ko wanda ake zargi da maita. Da magariba Hajo ta shigo da wani ƙaramin kwanon sha da ta kankare wa gefe da wuƙa don a gane shi, da ludayi an ɗaura masa jan zare. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, sai ta so ta rufe abin da wasa.

"Ranka ya daɗe, ga na sarki. Mu talakawa sai mu yi ta cakuɗa hannu."

Na juya fuska bango. Ta ɗauke kwanon yadda ta kawo shi, washegari ma haka. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina ganin an fitar da ni daga cikin mutane tun ban mutu ba.

Da yammacin rana ta biyu Mati ya ɗaga asabarin ɗakina, tabarmarsa a naɗe a hammata, kwanonsa a hannu.

"Matsa."

"Ina za ka, Yaya?"

"Hajo ta kore ni, wai minsharina na hana yara barci. Kawu kwano ya ce, ban ji ya ce ɗaki ba. Ci naka in ci nawa, amma wuri guda. In ka ƙi ci, ni ma na aje, gobe sai mu ga mai yin maimai."

Na ci. Daga ranar a ɗakina yake kwana.

Maganar sanyi ta Inna kuwa tana nan ba a janye ta ba. Da marka ta kama, aka cusa tsumma a 'yar tagar ɗakin, aka shafe da laka. Aka rataya buhu a bayan asabari. Kullum Hajo na kawo kaskon garwashi. Ɗakin ya yi ɗumi, yana warin hayaƙi da danshi da tafarnuwa, ba ka gane safe da yamma sai da kiran salla. Kowa ya shigo sai ya ce madalla, an kula da yaron nan. Kuma an kula. Hajo na wanke kwanona daban da toka, ta kife shi daban a kan danga. Ko sau ɗaya ba a yi kuskure ba.

Markar shekarar ta yi nauyi. Sama ta rufe, sai a wuni ba a ga rana ba. Katangar ƙasa ta sha ruwa har tana gumi ta ciki, dangar bayan gida ta kwanta, itace ya jiƙe ya ƙi kamawa, Hajo na hura wuta idonta na hawaye. Kwaɗi na kuka ko da rana. Ciyawa kuwa ba ta jiran mai ciwo. Da an idar da asuba Mati zai ɗauki hauya, buhu a ka, ya yi nomansa ya yi nawa. Sau ɗaya samarin unguwa suka yi mana gayya, suka rufe gonar dawa. Ba a sake kira ba, don gayya sai da fura da tuwo, gidan kuma babu na bayarwa.

Abinci ya koma sau ɗaya. Da rana kwaɗon tafasa ko rama da ɗan ƙuli, da dare tuwo mai ruwa-ruwa, wani lokaci dusa ta fi gari yawa. Abin da duk ya shigo gidan mai maiƙo, ƙaramin kwanon nan yake nufa: ƙwan zabi, nonon da Inna ke karɓowa a ruga, ɗan man shanu. 'Ya'yan Mati sukan tsaya bakin asabari suna kallo, a kore su, tunda ba a cin saurana. In ruwa ya hana fita, sai Mati ya wuni a ɗakin yana tufka igiyar rama a cinyarsa. In tari ya turnuƙe ni, shi ke tallafe ni, goshina a kafaɗarsa, yana bubbuga mini baya har ya lafa. Yana tufka yana ba ni labarin gona: gero ya yi ciki, wake ya fara yaɗo, wance gona ruwa ya kwanta a cikinta.

Wata rana bayan azahar jinin ya zo ba kamar kullum ba. Ba tofarwa ba ce, zubowa ya yi, har ya kusa rabin ƙoƙo. Inna ta tsaya bakin ƙofa tana salati. Mati ya dubi ƙoƙon ya ce gobe asibiti, ko da gonar za ta koma daji. Ya sayar da ragon da yake turke. Da safe ya ɗora ni a jaki. Ƙoramar da ke tsakaninmu da hanya ta cika, jakin ya toge, sai ya goya ni ya ratsa, ruwa na dukan ƙirjinsa, ya koma ya jawo jakin. A Batsari muka bar shi wurin wani ɗan garinmu, muka hau a-kori-kura zuwa Katsina.

A asibiti ma a jere aka bi abin, kuma wannan ya kwanta mini. Da farko tambaya. Likita ya ce jinin da tari yake fitowa ko da amai? Ja ne mai kumfa, ko baƙi-baƙi haɗe da abinci? Ina yin haɓo? Ya ce dole a rarrabe, don wani jinin daga hanci yake gangarowa, wani daga ciki, wani daga huhu. Na huhun ma ba duka ne tarin fuka ba: akwai na ciwon haƙarƙari mai zafin zazzaɓi, akwai na ciwon zuciya, akwai na ciwon daji, musamman ga tsofaffin mashaya taba. Sai ya leƙa bakina, ya ga aikin wanzami, ya girgiza kai. Na biyu, aka ba ni ɗan gwangwani in riƙa tofa kakin da ke fitowa daga ƙirji, da sassafe. Na uku, hoton ƙirji. Da sakamako ya fito aka ce tibi ce, ita ce dai tarin fukan da Kawu ya faɗa, kuma tana jin magani. Za a kwantar da ni a yi mini allura kullum wata biyu, sannan in koma gida da ƙwayoyi na wasu watanni, kada in tsallake ko da na ji garau.

Malamar da ke rubuta sunana, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗago ta dubi Mati.

"Wa ke kwana ɗaki ɗaya da shi?"

"Ni ne, Hajiya."

"Akwai taga?"

"Akwai, amma mun liƙe ta. Kin san marka. Amma fa mun kiyaye, kwanonsa daban, ludayinsa daban, har buta."

Ta cire tabarau ta aje. "Bawan Allah, ba a kwano take ba. A numfashi take. In ya yi tari a rufaffen ɗaki, kai ke shaƙa. Da kun ci a akushi ɗaya a tsakar gida, da ya fi muku wannan. Kai ma za ka ba da kakinka."

Mati ya yi dariya. "Ni ko atishawa ba na yi. Mi zan tofa?"

"To ka kwana biyu a ɗauki hoton ƙirjinka."

"Hajiya, na bar gero cikin ciyawa, da tsohuwa da yara. In na ji wani abu zan dawo da ƙafata."

Ya gyara mini filo, ya tura mini ragowar kuɗin ragon ƙarƙashinsa, ya ce in ci duk abin da aka ba ni kada in yi musu halina. Ina kwance ina kallonsa ta tagar ɗakin, wadda take a buɗe har ƙasa, yana sauri ya samu motar yamma. Har lokacin lakar ƙorama na jikin wandonsa.

Wata biyun nan na ci na ƙoshi. Shayi da burodi da safe, shinkafa ko tuwo da rana, wani lokaci har da nama. Fitsarina ya koma ja saboda magani, aka ce kada in damu. Jinin ya tsaya, zazzaɓi ya tafi, na fara jin yunwa irin ta mai lafiya. A can aka aiko mini Abu ta sauka lafiya. Ina cin burodin ina sane da abin da ake ci a gida, amma ban taɓa rage ko ɓalli ba.

Na dawo ana yankan gero. Gari ya yi ƙamshin tumu, yara sun fara kumatu. Hajo ta gan ni ta riƙe haɓa.

"Wanga ba jinya ka je ba, kiwo aka kai ka. Dubi wuya."

Ta yi dariya, amma idonta na kan mijinta. Mati ya rame, ƙasusuwan wuyansa sun fito. Ya rungume ni, sai na ji ɗumin jikinsa ta cikin riga, ga shi kuwa la'asar ta yi. Kafin mu shiga zaure ya juya baya ya yi tari. Na san tarin. Nawa ne.

A ranar na sa aka fasa lakar taga, na gaya wa Inna da Hajo abin da malamar ta ce. Mati ɗan farin Inna ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. Da na zo fita ta ce, ba ta dube ni ba, "Ka gaya wa wancan ya je a duba shi."

Na gaya masa a gona.

"Yaya, gobe mu tafi Katsina."

"Mu bar geron ga wa? Ga tsuntsaye?"

"Ni zan tsaya."

"Kai da likita ya ce kada ka ɗaga abin da ya fi buta? In ka koma ka kwanta, ragon nawa ya tafi a banza ke nan. Bari gero ya shiga rumbu."

Gero ya shiga rumbu. Ya ce wake na fashewa a gona, a bari a roɗe. Aka roɗe wake. Ya ce saura dawa, kuma shanu sun fara gangarowa, in aka bar ta kwana ɗaya sai labari. Ba ƙarya yake yi ba ko sau ɗaya. Duk abin da ya faɗa haka yake, kuma babu wani namiji a gidan sai ni. Aikina a kakar nan shi ne in zauna gindin gawo ina korar awaki, aikin yara, in haɗiyi ƙwayoyina a kan lokaci, ina kallonsa yana ɗaure dami yana tsayawa yana dafa gwiwa.

Ranar da ake jefa damman dawa na ƙarshe a rumbu, yana sama yana karɓa, sai ya sunkuya. Jini ya biyo jikin rumbun. Ya sauko da kansa, ya goge baki da hannun riga, ya ce, "To, Rabe. Yanzu mu tafi."

Ƙoramar ta bushe, jaki ya wuce ba gardama. Malamar nan mai tabarau ta gane shi, ba ta kuma yi masa gori ba. Hoto ya nuna ciwon ya ci huhu biyu. Likita ya ce yunwa da aiki sun buɗe masa hanya, shi ya sa ya yi saurin cin sa. Aka fara allura. Ya ɗan farfaɗo har yana tambayata ko an kai taki. Wata safiya jinin ya ɓalle gaba ɗaya, ba a iya tsayar da shi ba. Bai ga ruwan shuka ba.

An duba sauran mutanen gida. Ƙaramar 'yarsa ta ɗauka, aka ba ta magani ta warke, yau tana da jikoki. Dawar da ya tara ita muka ci har wata kaka.

Ba wanda ya taɓa cewa laifina ne. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Likita ya ce rashin sani ne, kuma na kowa ne. Na karɓa, ban yi musu ba. Amma na san abin da ya shigo da tabarmar Mati ɗakina. Bayan Hajo ta fita takaba, ta kawo mini tuwo a akushin da muke ci ni da Mati, na zauna na kasa sa hannu. Ta tsaya a kaina.

"Ci, Rabe. An sha wuya kafin a tsayar da kai. Kada ka sa ta zama ta banza."

Tun daga ranar ba ta sake yi mini wasan ƙanin miji ba, ni ma ban nema ba. Ni na riƙe 'ya'yanta, ita ta yi wa nawa wankan jego, muna gida ɗaya har yau.

Yanzu babur na kai mutum asibiti kafin shayi ya huce, in hanya ta yi lafiya. Ana gwada kaki a nan kusa, ba sai an je Katsina ba, maganin kyauta ne, ƙwayoyi ne na wata shida, babu allurar nan. Sai dai mutanen ƙauyukanmu sun taru a gari, iyali guda a ɗaki guda, wani ɗakin har iyali biyu. Da marka in na bi lungu zuwa masallaci ina ganin tagogi an toshe su da kwali da leda, ina jin tari ta bayansu. Wani lokaci nakan yi sallama in yi magana. Wani lokaci a ce tsohon nan ya cika shiga abin da ba ruwansa.

Kai da ka karanta wannan, abu biyu nake roƙonka. Na farko, duk ranar da kuka kai mai tarin jini asibiti, ka dubi wanda ya rako shi, wanda ke kwana da shi yana tallafe shi. Zai ce maka lafiyarsa lau, zai ce ya bar aiki a gida, kuma gaskiya zai faɗa. Kada ka bar shi ya hau mota sai an duba shi, ko da za ka riƙe masa riga ne a gaban mutane. Na biyu, in ka idar da salla, ka sa Mati a addu'a.